Yaya zan bambanta layukan mai da na iska a zane, in ba su lambar da ba za ta rikice ba?

Ɗan Kabi, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan fage, don yau mako uku ke nan ina fama da abu ɗaya.

Ni ke kula da injina a wata ƙaramar masana'antar casar shinkafa da ke bayan garin Birnin Kebbi. Ba ta kai su WACOT ta Argungu ko Labana ba. Wani bawan Allah ne ya kafa ta bayan 2015, shekarar da aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a nan garin, noman shinkafa ya bunƙasa. Abin da ke aiki da man haidirolik a wurinmu biyu ne, dandamalin da ke ɗaga mota ta juye shanshera, da injin matse ɓuntu. Masu aiki da iska kuwa akwai kalasota mai tsince baƙar ƙwaya, da injin ɗura buhu, da ƙofofin rumbu guda shida.

Abin da ya zaunar da ni gaban kwamfuta ya faru ne a watan Janairu, daidai lokacin da motocin shanshera daga Suru da Bunza ke jere a bakin ƙofa. Tiyoyin da ke wajen famfon injin matse ɓuntu sun tsufa, muka kwance su muka kai aka matse mana sababbi. A cikinsu akwai sirara guda biyu, girmansu ɗaya, kawunansu iri ɗaya. Ɗaya yana ɗaukar man da ke tsiyaya a cikin gangar famfo ya kai shi saman tanki kai tsaye. Ɗayan yana fitowa daga wani ƙaramin bawul ya shiga layin dawowa, kafin filta. Yaron da ke taimaka mini ya duba takardar da ta zo da injin, amma duk layukan da ke cikinta baƙaƙe ne miƙaƙƙu, babu lamba ko ɗaya. Sai aka musanya su. Ni ma na duba na ce ba komai, tunda dukansu tanki za su. Ba a yi awa biyu ba sil ɗin bakin shaf ya fashe. Ina tsaye na ga mai yana feshi ta bayan kofulin, ɓuntun da ke ƙasa ya jiƙe ya koma kamar tunkuza. Kwana uku muka yi a tsaye kafin sabon sil ya iso daga Kano. Har yau ban ga laifin yaron ba, takardar ce ba ta faɗa masa komai ba.

Shi ne na ƙudura sai na sake zana duk da'irorin da kaina. Ina amfani da AutoCAD Electrical, don da shi nake zana fanel na lantarki, kuma a cikinsa akwai alamomin haidirolik da na iska. To amma manhajar tana ɗaukar bututu tamkar waya. Idan na ce ta sa lamba, sai ta jero 100, 101, 102, na mai da na iska duk a zubi ɗaya. Inda akwai mahaɗa mai baki uku, tiyo uku sai su tashi da lamba ɗaya, alhali ni kowane tiyo nake so ya samu sunansa. Shekaranjiya na ƙara bawul ɗaya na sake umarnin lamba, duk suka canza, ga shi na riga na rubuta wasu a jikin tiyo da maka. Wasu layukan ma sun ƙi karɓar lamba gaba ɗaya. Layin da na yi mai tsinke-tsinke kuma idan aka buga shi a takarda sai ya fito a miƙe. Na yi wahala na raba su da launi, ja da shuɗi da kore, sai na tarar shagon da ke buga mini A3 baƙi da fari kaɗai suke da shi.

Wane tsari kuke bi wajen bayyana kowane layi da ba shi lamba, ta yadda abin da ke takarda zai zama shi ne a jikin injin? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Gusau

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da alheri.

Bari in fara da sil ɗin nan, don dalilin fashewarsa shi ne dalilin raba layukan. Gangar famfo mai fistin ba ta jure matsi, yawancinsu bar biyu ko uku ne iyakarsu (bar ma'aunin matsi ne). Layin dawowa kuwa mutane suna raina shi, amma ba fanko ba ne. Lokacin da silinda ke komawa ciki, man da ke fita ta gindinta ya fi wanda famfo ke turawa, don faɗin gindi ya fi na ɓangaren sanda. Idan sandar mai kauri ce, irin ta injin matsa, yana iya ninkawa biyu. Wannan mai duka ya zo ya tarar da filta mai datti, matsi ya taru, ya koma da baya ya shiga gangar famfonka. Saboda haka layin tsiyaya ba ɗan'uwan layin dawowa ba ne, ko da makomarsu ɗaya.

Abu biyu kake haɗawa, ka raba su. Kamannin layi shi ke faɗar aikinsa. Lamba ita ce sunansa.

Kamanni an riga an yanke shi a ISO 1219-1, ƙa'idar duniya ta alamomin mai da iska, ba sai ka ƙirƙiro naka ba. Layi miƙaƙƙe na babban aiki ne: turawa, dawowa, zuƙa. Mai tsinke-tsinke na layin umarni ne, wato wanda ke motsa bawul, da layin tsiyaya. Dogon tsinke da ɗigo kuwa ba bututu ba ne, shinge ne da ke kewaye kayan da ke jiki ɗaya, kamar bulok ɗin bawul. Inda layi biyu suka haɗu da gaske sai an sa ɗigo, in babu ɗigo wucewa kawai suka yi. Mai da iska kuma alwatika ke raba su, cikakkiya baƙa ta mai, fanko ta iska. Ka lura, umarni da tsiyaya kamanninsu ɗaya, don haka kamanni kaɗai ba zai cece ka ba, sai da harafi.

Haruffan kuwa su ne waɗanda ke jikin bawul ɗinka: P turawa, T tanki, A da B zuwa silinda, X shigar man umarni, Y fitarsa, L tsiyaya. Ni nakan ƙara S don layin zuƙa. Idan kana da matsi iri biyu a da'ira ɗaya, ka yi P1 da P2.

A manhajar, kada ka yi faɗa da ita kan cewa bututu waya ne, ka yi amfani da hakan. Ita duk layin da ke kan leyar (rukunin layuka a zane) da aka yi wa rajista a matsayin waya shi take gani. Ka shiga Create/Edit Wire Type ka buɗe leya ga kowane aiki: HYD_P, HYD_T, HYD_S, HYD_AB, HYD_X, HYD_L, sannan na iska daban. A nan za ka ɗaura wa kowace leya kamannin layinta, kuma akwai guraben da za ka rubuta nau'in tiyo da girmansa. Daga nan ba za ka ƙara gyara layi ɗaya-ɗaya ba. Waɗanda suka ƙi karɓar lamba, ka duba su, ko dai suna kan leyar da ba ta cikin jerin, ko ka ja su da PLINE, umarnin jan layi mai gaɓoɓi a haɗe. Manhajar LINE kaɗai take ɗauka a matsayin waya.

A saitin lambobin waya na aikin akwai zaɓi biyu da kake buƙata. Based on Wire Layer zai ba kowace leya tsarin lambarta, sai P ta yi jerinta, L ta yi nata. On per Wire Basis kuma zai ba kowane reshe lambarsa, maimakon lamba ɗaya ga duk abin da ke haɗe. Ni dai na fi son in sa mahaɗa mai baki uku a zane a matsayin kaya mai zaman kanta, tunda a zahiri ma ƙarfe ne da ake saye da kuɗi, kuma sai ta shiga jerin kaya. Da zarar ka gamsu da lamba ka mayar da ita Fixed. Daga ranar ko bawul goma ka ƙara ba za ta motsa ba.

Tsarin da nake bi: H1-L-01. H na nufin haidirolik, kamar yadda ISO 1219-2 ta 2012 ta tanada, inda P ke tsayawa a madadin iska. 1 lambar da'ira, L aikin layi, 01 jeri. Girma da nau'i ba na cusa su cikin lamba, suna cikin bayanan layi, misali 2SN -8, wato tiyo mai waya biyu na rabin inci, ko bututun ƙarfe 12x1.5. Idan ka gama ka fitar da rahoton Wire From/To zuwa Excel. Wannan takarda ita ce za ka ba mai matse tiyo.

Masu amfani da manhajar EPLAN suna da sauƙi a nan, don tana raba haidirolik da iska da man shafawa tun daga tushe, amma kuɗin lasisinta ba na ƙaramar masana'anta ba ne. Abin da ke hannunka ya isa.

Malama daga Ƙaura

Sannunku da ƙoƙari. Ina koyar da wannan darasi da FluidSIM na kamfanin Festo, kuma abin da Injiniya ya faɗa na mai ba ni da ƙari a kai. Ɓangaren iska ne nake jin tsoro a bar shi a baya, don shi ake rainawa saboda bar 6 ne kawai.

Malam Ɗan Kabi, kada ka ɗauki haruffan mai ka kai su kan iska. Bakunan bawul na iska lamba ake ba su: 1 shigar iska, 2 da 4 zuwa silinda, 3 da 5 fitar iska, 12 da 14 umarni. Lambobin umarnin nan suna da ma'ana, 14 na nufin idan aka ba shi sigina, baki na 1 zai haɗu da 4, 12 kuma 1 da 2. Ɗalibin da ya gane wannan ba ya ƙara juya silinda.

Ga tarkon da ke kama mutane. Bawul da yawa da ake samu a kasuwa suna zuwa da tsofaffin haruffa, P, A, B, R, S. Kowa sai ya ɗauka A ita ce 2. A bawul mai baki uku haka ne. A mai baki biyar kuwa A ita ce 4, B ita ce 2, R ita ce 5, S ita ce 3. Idan zanenka na lamba ne, bawul ɗin da ke jikin injin na harafi ne, ka rubuta duka biyun a bakin alamar. In ba haka ba wata rana ƙofar rumbu za ta buɗe lokacin da ya kamata ta rufe, a kan mutumin da ke riƙe da buhu.

Inda na ɗan saɓa da Injiniya shi ne harafin P a madadin iska. Ƙa'ida ce, ban musa ba. Amma a masana'anta mai mai da iska a rufi ɗaya, yaro zai ga P a jikin tiyo, bai san ko iska ce mai bar 6 ko mai ne mai bar 200 ba. A kan kayan da ke zane ka bi ƙa'ida, a kan tiyo ka zaɓi harafin da ba ya cikin na mai, ka bayyana shi a kusurwar takarda.

Sannan iskarka ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta bi ta kofin mai don shafa wa silinda daban, wadda za ta kalasota daban. Ƙananan bawul ɗin da ke hura ƙwaya a kalasota suna son iska busasshiya marar mai, in ba haka ba su daskare, man kuma ya sauka kan shinkafar da mutane za su ci. Ka ba su leya biyu da jerin lamba biyu. Layin zubar da ruwan tankin kwamfuresa da na diraya shi ma ka zana shi ka ba shi suna, da damina za ka gode wa Allah. Girman tiyon iska kuma da kaurin waje ake kiransa, 6, 8, 10, 12, saɓanin tiyon mai da ake kira da faɗin ciki. Ka rubuta 8x5.5 ko 8x6, don a san duka biyun.

Tsohon makanike, Jega

Ɗana, ni ban iya kwamfuta ba, jikana ke rubuta mini wanga. Shekara talatin da wani abu na yi ina gyaran gireda da katafila a aikin hanya.

Lambar da Injiniya ya ba ka tana da kyau a takarda. A jikin tiyo ta yi tsawo. Wanda ke kwance ƙarƙashin inji da tocila a baki ba ya karanta harafi bakwai. Ka bar H1 a jikin tanki da babban fenti, a tiyo ka sa L01 kawai. Kuma baki biyu za ka sa, nan da can, ka ƙara ta uku a jikin ƙarfen da tiyon ke ɗaurewa. In ka cire tiyo ka tafi da shi kasuwa, lambar ta bi shi, mi ya rage a jikin inji da zai gaya maka inda zai koma?

Maka ba ta kwana biyu, mai ke wanke ta. Sitika kuma zafin watan Afrilu ke ɗaga ta, ƙurar ɓuntu ta gama da sauran. Ka samu fallen alminiyom ka yanka ƙanana, ka buga lamba da ƙarfen buga lamba da guduma, ka huda, ka ɗaure da waya. Kada ka matse ta har ta ci fatar tiyo.

Abin da za ka rubuta wa mai matse tiyo ba girma kaɗai ba ne. Lambar nan mai ɗan layi a gaba, kashi goma sha shida na inci ce: -6 inci uku bisa takwas, -8 rabin inci, -12 uku bisa huɗu, -16 inci ɗaya. Ka faɗi waya nawa ke ciki, ɗaya ko biyu ko huɗu. Ka faɗi tsawo daga baki zuwa baki. Ka faɗi irin kai, BSP ne, ko JIC, ko na milimita, miƙaƙƙe ko mai gwiwa. Kawuna da yawa suna shiga juna zagaye biyu ko uku kamar sun dace, sai an ba su matsi su nuna hali.

In za ka bi layi don ka gane shi, kashe inji, sauke matsi, dandamalin nan kuma ka tokare shi da ƙarfe kafin kowa ya shiga ƙarƙashi. Kada ka nemi yoyo da hannu, ka sa kwali. Na ga abokin aikina da mai ya shiga tafin hannunsa, ramin kamar na allura, ya goge ya ci gaba da aiki. Washegari hannun ya kumbura har gwiwa, sai da aka yi masa tiyata. In haka ta faru asibiti za a tafi nan take.

Ɗan Kabi, Birnin Kebbi

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganar lamba ta uku a jikin ƙarfe ba ta taɓa zo mini ba, kuma da akwai ta a watan Janairu da ba a musanya tiyon nan ba. Malama, na gode, na je na duba bawul ɗin ƙofofin rumbu, huɗu na lamba ne, biyu na harafi.

Yaya Injiniya, PLINE ɗin ne kuwa. Na fasa su na mayar kan leya, duk sun karɓi lamba. Saura tsinke-tsinken da ke fita a miƙe. A fuskar kwamfuta sai na matso sosai nake ganin tsinken.

Injiniyan Gusau

Zanenka na milimita ne, amma kamannin layin daga fayil ɗin acad.lin ka ɗauko, wanda aka auna da inci. Tsinken DASHED a can rabin ma'auni ne, wato rabin milimita a takardarka, ido ba zai gan shi ba. Ka sake ɗauko shi daga acadiso.lin, inda yake 12.7, sannan ka rage LTSCALE, ma'aunin girman tsinke, har tsinken ya dace da girman alamominka, ka yi REGEN don zanen ya sabunta. Gajeren layi da bai kai tsawon tsinke da giɓinsa ba zai ci gaba da fita a miƙe, irin wannan ka rage masa ma'auni shi kaɗai. Ka buga shafi ɗaya a shagon nan naku ka gani da idonka kafin ka buga sauran.

Launi ka bar shi a fuskar kwamfuta don sauƙin aikinka, amma ka ɗauka babu shi. Gyaran da Malama ta yi kan harafin P na karɓa.

Ɗan Kabi, Birnin Kebbi

Alhamdu lillahi, tsinken ya fito. Injin matse ɓuntu ya kammala, tiyo goma sha huɗu da bututun ƙarfe biyar, kowanne da lambarsa a takarda da alminiyom uku a jiki. Ni da yaron muka buga su jiya bayan la'asar a kan guntun dogo, shi ke riƙe ƙarfen ni ke dukan guduma. Da muka zo L01 shi ya ce a ɗaura masa jar waya don ya fita daban, na bar shi ya yi. Na sa takardar a leda mai kauri na manne a cikin murfin fanel.

A iska na ɗauki K ga busasshiyar da ke zuwa kalasota, M ga wadda ta bi ta kofin mai. Da nake bin layukan ɗaya bayan ɗaya don in ba su lamba, sai na tarar da wani siririn tiyo mai kauri 6 a bayan rumbu na uku, an ɗauko shi daga layin M an kai wa burushin da ke share gilashin kalasota. Ba ya cikin kowace takarda, kuma na sa farin ƙyalle a bakinsa ya fito da danshin mai. Ranar Juma'a da safe ba ma casa, zan toshe shi in ja sabo daga layin K.

Baba, ƙarfen buga lambar da na samu na milimita 4 ne, a wuri mai duhu yana wuyar karantawa. In nemi na 6, ko in cika ramin lambar da farin fenti?